Shekarar da Na Cika wa Auduga Taki

Duk shekara idan aka kawo ɗalibai ganin gona, sai an samu wani a cikinsu ya tsaya gaban tanki, ya kalli baƙaƙen tiyo a shimfiɗe layi-layi a gindin auduga, ya ce, "Baba, ai kai ka huta, buɗe famfo kawai kake yi." Ba na musu da su. Nakan ce haka ne, in ba su ruwa su sha, su shiga mota su koma Kontagora. Amma ku tunda kun ce koyo kuka zo ba kallo ba, ku gyara zama.

Sunana Haruna. Shekara goma sha shida ke nan ina kula da ruwa da taki a wata gonar auduga da ke hanyar Sahon Rami. Audugar rani muke yi, kuma ba don kasuwa ba, don iri. Mu shuka bayan kaka, mu tsinke kafin ruwa ya sauka, a gurje, manoma su karɓi angurya su shuka da damina. Gonar ta wani Alhaji ce mazaunin Minna, wanda sau biyu ko uku yake leƙowa a shekara. Ba a kwarara wa audugarmu ruwa yadda ake yi wa tumatir a fadama. Tiyo ne siriri yake bin kowane layi, jikinsa da 'yan idanu, kowane ido yana ɗiga ruwa a gindin shuka. Ta nan ruwa yake zuwa, ta nan kuma taki yake zuwa.

Gyaran injin ruwa ne ya kawo ni gonar, ina da shekara talatin da 'yan kai, da mata da yara biyu. Wanda na tarar yana riƙe da ita shi ne Baba Yohanna, Bakambaren Salka, tsoho mai ɗan ɗingishi da ya yi aiki a manyan gonakin ban ruwa tun ina yaro. Hausarsa gajera ce, ba ya ƙara kalma a kan wadda ta wajaba. Da na gama gyaran ya ce in ina so in zauna, yana neman mataimaki. Na zauna, don ni ma a lokacin abin da ɗaliban nan suke ɗauka shi na ɗauka.

Ranar farko bai ba ni makullin ɗakin inji ba, shebur ya miƙo mini. Ya buɗe ruwa ya bar shi awa biyu, ya rufe, ya kai ni tsakiyar gona ya ce in haƙa daidai ƙarƙashin ido ɗaya. A sama jiƙar ba ta wuce faɗin faifai ba, har na ce a raina ƙishi zai kashe wannan auduga. Da na yanka ƙasar zuwa gwiwa sai ga danshin ya buɗe a ciki, ya yi tumbi kamar tulu. Ya sa na sake haƙawa a gefen gabas, inda gonar take jigawa. Can danshin bai yi tumbi ba, ya miƙe ƙasa siriri kamar taɓarya.

"Ka gani?" in ji shi. "Gona ɗaya, ƙasa biyu. Wannan tana riƙe ruwa, waccan tana zubarwa. In ka ba su daidai, ka cuci ɗaya."

Wata uku na yi ina haƙa rami ina mayarwa. Sai ka sa hannu can inda saiwa take, ka ɗebo ƙasa ka dunƙule. In ta wargaje da ka buɗe hannu, auduga tana jin ƙishi. In ta dunƙule har ta bar maka laima a tafi, ka yi yawa, kuma saiwar da ke kwance cikin ruwa ba ta numfashi. Wadda ake nema ita ce ta dunƙule, amma in ka taɓa ta da yatsa ta rabe. Yanzu akwai na'urar da ake cusawa a ƙasa ta nuna lamba. Alhaji ya taɓa aiko mana da ita, tana da amfani, amma damina ɗaya ta yi ta mutu. Shebur ɗin yana nan.

Bin layi shi ne aikin da ya fi cin ƙafa. Da ruwa ya shiga tiyo sai ka bi kowane layi daga kai har wutsiya, kanka a sunkuye. Da rani ba ruwa a daji, saboda haka ɓera da gafiya da kurege duk sun san inda tiyonmu yake. Su huda su sha, su bar maka ruwa yana tsartuwa, shukar da ke bayan hudar kuwa ko ɗigo ba za ta samu ba. Aljihuna ba ya rabuwa da wuƙa da 'yan mahaɗai da igiyar roba ta tsohon tub ɗin taya. Ido kuma yana toshewa da laka ko gansakuka. Ba za ka ji ƙararsa ba, ba za ka ga komai ba, sai dai shuka ɗaya a tsakiyar layi ta fi 'yan'uwanta gajarta. Filta kuwa, rariyar da ke tace ruwa kafin ya shiga bututu, da tsohon buroshin haƙori nake wanke ta kullum. Duk sati biyu a kwance wutsiyar kowane tiyo a bar ruwa ya fita har ya yi fari. Wanda ya yi ƙyuyar wannan, a shekara ɗaya zai mai da tiyon gona guda igiyar ɗaure itace.

Sai da na shekara sannan Baba Yohanna ya bar ni na taɓa taki. Takin kamfa ba ya shiga tiyo, don ba ya narkewa duka, ƙasa-ƙasansa toshe ido yake yi. Shi da hannu ake binne shi kafin shuka. Yuriya ce ake narkarwa a duro. Ka zuba ruwa, ka zuba ta da gwangwanin awo, ka dama da sanda har ruwan ya yi sanyi ƙarara kamar na randa, ka tace da tsohon gidan sauro. Ba a sakin ta da buɗe ruwa. Sai ka bar ruwa zalla ya cika tiyo har na ƙarshen gona, in ba haka ba layukan kusa da tanki su kwashe takin duka. Sannan ka saki taki. Da ya ƙare ka bi shi da ruwa zalla don ya wanke tiyo, amma kaɗan. In ka manta ka bar ruwan ya daɗe, yuriya ba ta tsayawa, bin ruwa take yi. Za ta wuce saiwa ta gangara inda ba abin da zai ci ta, ka zauna kana jiran kore, ganye yana ta yin rawaya.

Kuma kaɗan-kaɗan ake ba ta, sati-sati. Tana ƙarama ba ta buƙatar da yawa, ruwan ma ana ɗan ja mata shi don saiwa ta nutsa nema. Idan ta fara ƙullin fure, ɗan koren abin nan mai kusurwa uku, sai a ƙara. Idan fure ya buɗe ƙwallo ya fara kamawa, nan ne cinta da shanta suke kai ƙarshe, kuma daidai nan zafin bazara yake zuwa. Da ƙwallon farko ya fashe ka ga fari, an gama da taki, ruwa ma a fara janye shi.

Yadda ake sanin ko tana ƙoshi daidai, wannan ma da yatsa ne. Ka kama kan shuka ka ƙirgo gaɓa huɗu zuwa ƙasa, ka sa yatsunka tsakanin ta huɗu da ta biyar. Yatsa biyu zuwa uku, lafiya lau. In bai kai biyu ba, tana wahala. In ya kai huɗu, ta fara gudu, wato ta bar zancen 'ya'ya ta koma yin ganye da tsawo. Baba Yohanna yakan ce auduga itace ce da aka tilasta wa zama shuka, in ka sake mata fuska sai ta tuna ita itace ce. Shekara shida muna tare, ban taɓa ganin ya wuce layi bai kama kan wata shuka ba.

A shekara ta bakwai idonsa ya fara hazo, gwiwar ma ta matsa. 'Ya'yansa suka zo da mota suka mai da shi Salka. Ya bar mini gwangwanin awonsa da sandar dama taki. Daga nan in ban da lokacin shuka da cira da tsinka, da 'yan ƙwadago ke zuwa daga ƙauyen da ke kusa, ni kaɗai ne a gonar.

Cikin masu karɓar iri akwai Mama Saratu, daga wani ƙauye gaba da Rijau. Dattijuwa ce mai ƙarfin jiki, ita mutanen garinsu suke wakiltawa, 'yan coci da waɗanda ba 'yan coci ba. Duk shekara kafin ruwan farko sai ta zo a bayan a-kori-kura da buhunanta a naɗe. Ba ta karɓar iri da ka. Za ta cusa hannu har gwiwar hannu a cikin buhu, ta ɗebo daga ƙasa, ta ciji angurya ɗaya. In ta fashe da ƙara, cikinta fari tas, sai ta ce, "To, Malam Haruna, a ɗaure." In ta yi taushi a haƙori sai ta tofar, ta ture buhun da ƙafa. A garinsu auduga ce abin da ake sayarwa bayan an ajiye dawa don ci. Da ita ake rufin kwano, da ita ake tura yara makaranta.

To sai shekarar da hanya ta lalace. Kun san lokacin, ba sai na faɗa muku ba. Aka fara tare motoci, ana shiga ƙauyuka. Mutanen ƙauyen da ke kusa da mu suka kwashe, wasu Kontagora, wasu wajen dangi. Na mai da iyalina cikin gari. Alhaji ya kira ni a waya ya ce, "Haruna, ranka ya fi auduga. In ba hali ka bar ta." Amma mun riga mun shuka, ta yi sati shida, ta fara ƙulli, kuma ban taɓa ganin tsiro mai kyan na wannan shekara ba.

Na dinga zuwa a babur duk ranar da na ga motoci suna wucewa. Sai aka yi wani sati da kowa yake cewa kada a bi hanyar ko da rana. Na zauna a ɗakin inji na yi lissafi irin na wanda ya san aiki. Na ce ban san ranar dawowata ba. Injinmu a lokacin ya koma na sola, da rana ta fito yake tashi da kansa. To me zai hana in ba ta takin sati huɗu gaba ɗaya, in buɗe duk bawul ɗin da ke sakin ruwa, in bar ta a hannun rana? Na san Baba Yohanna ba zai yi haka ba. Na sani sarai. Amma na ce shi bai taɓa noma a irin wannan shekara ba. Na narkar da yuriya duro bayan duro, na saki, na ja ƙofa na tafi.

Kwana goma sha tara na yi ban dawo ba.

Da na shigo gonar, daga nesa abin sha'awa ne. Ɓangaren laka ya yi kore shar har yana baƙi-baƙi, shukar da na bari a gwiwa ta kusa ƙirjina, ganye kamar tafin hannu, layi ya haɗe da layi. Na ɗauki hoto na tura wa Alhaji daga kan tudun da ake samun sabis, ya kira yana ta sa albarka. Ban taya shi murna ba, don kafin in hau tudun na riga na kama kan shuka ɗaya. Yatsuna huɗu suka shige tsakanin gaɓa, da sauran wuri. Na ɗaga ganye na duba ƙasa, sai ga ƙullin fure a zube kamar an watsa tsaba. Ta zubar da 'ya'yanta ta kama tsawo. Bayan ganyen kuwa ƙwari ne, darɓa da farin ƙuda, hannuna har yana danƙo. Na wuce ɓangaren jigawa, can kuma akasin haka na tarar. Ruwan kwana goma sha tara ya wanke takin ya tafi da shi, shuka ta tsaya inda na bar ta, ganyen ƙasa rawaya, wasu sun fara ja.

Na tuge ɗaya daga nan, ɗaya daga can, na ɗaure a bayan babur, washegari na kama hanyar Salka.

Na sami Baba Yohanna a gindin mangwaron ƙofar gidansa. Idon ya kusa tafiya duka, da murya ya gane ni. Bayan mun gaisa na ajiye masa shukokin a cinya. Ya shafa doguwar daga sama, yatsunsa suna ƙirga gaɓa, ya tsaya. Ya shafa gajerar, ya murza ganye ɗaya ya sansana.

"Wa ya ba ta?"

"Ni ne, Baba."

"Sau nawa?"

"Sau ɗaya. Na sati huɗu."

"Ruwa fa?"

"Na bar shi a buɗe."

Ya ajiye shukokin a gefe. Bai yi mini faɗa ba, bai tambaye ni dalili ba. Can ya ce, "Doguwar, ka rufe mata ruwa. Kada ka buɗe sai ka ga ta sunkuyar da ganye tun da hantsi. Ko ƙwaya ɗaya ta taki kada ta ƙara gani. Ka karye mata kai, ɗaya bayan ɗaya. Gajerar, ka ba ta taki kaɗan, kwana uku-uku, ruwa gajere."

"Za ta yi, Baba?"

"Za ta yi. Amma ruwan sama zai riga ka."

Matarsa ta kawo mana tuwon dawa. Muna ci ya ce, "Da wa kake can?"

Na ce ni kaɗai ne.

"Ƙauyen fa?"

"Sun tashi."

Ya ce in kwana, na ce auduga tana jira. Ya ɗaga hannu na kama, ya riƙe ni ya ɗan daɗe, sannan ya ce Allah ya tsare hanya.

Karye kan auduga aikin mutum goma ne a gona irin tamu. Ka kama kan shuka, ka sa farce ka tsinke tohon sama, don ta daina tsawo ta mai da ƙarfinta ga rassa. Na ga zuwa da komawa ba zai yiwu ba, sai na sayi garin rogo da ƙuli da wake da gishiri, na tare a ɗakin inji. Da na idar da asuba gari ya waye sai in shiga layi, ba na fitowa sai rana ta take. Farcen babban yatsana ya yi baƙi, ya tsage, na koma na hagu, shi ma ya tsage, na koma reza. Wuta sau ɗaya nake hurawa a yini, ƙarama, don kada hayaƙi ya tashi. Feshin darɓa ma ni kaɗai na yi shi, in goya tanki in bi layi, in dawo in cika.

Ba abin da ake ji a wurin sai kukan kurciya da ƙugin inji idan na buɗe wa jigawa ruwa. Ƙauyen da nake jin dakansu da kiran sallarsu da ƙararrawar cocinsu ya yi tsit. Juma'a uku na yi azahar a gindin tanki. Wata rana na leƙa ƙauyen neman ashana ko wani ya bari, na tarar da turmi a kife a tsakar wani gida, da kaza ɗaya da ta zama ta daji. A sati na uku wani makiyayi ya ratso gefen gona da 'yan tumakinsa ya yi mini sallama. Na buɗe baki in amsa, murya ta ƙi fita, sai da na yi gyaran murya sau biyu. Ya roƙi ruwa na ba shi, ya sha ya wuce. Shi ne mutum ɗaya da na gani a kwana ashirin da shida.

A kwana na goma sha ɗaya da rufe ruwa doguwar ta sunkuyar da ganye da hantsi. Na ba ta awa ɗaya na rufe. Bayan sati biyu sabon ƙulli ya fito a rassa, wannan karon ya zauna. Fure ya buɗe, fari da safe, washegari ya koma ja, ya faɗi ya bar ɗan ƙwallo. Ta jigawa ma ta farfaɗo, ko da yake ba ta taɓa kai tsawon da ya kamata ba. Aikin ya yi, yadda tsohon ya faɗa. Sai dai mun makara da wajen wata guda.

Ƙwallo ya fara fashewa ke nan hadari ya haɗu a gabas. Ruwan farko na tsaya a ƙofar ɗakin inji ina kallonsa yana sauka a kan farar auduga. Na biyu ya zo bayan kwana huɗu, na uku ya kwana biyu yana yi. A ɓangaren laka, inda ganye ya yi duhu iska ba ta shiga, ƙwallayen ƙasa suka ruɓe suka yi baƙi. Waɗanda suka buɗe kuwa, angurya ta fara tsira a cikin audugar tun tana kan shuka. A lokacin wasu mata sun fara dawowa ƙauye, su shida suka taya ni muka tsinci abin da ya tsira. Na ware wadda muka tsinka kafin ruwa daban, ta bayan ruwa daban, haka aka gurje su.

Mama Saratu ta zo, duk da hanyar ba ta gama daidaita ba. Ta sauko da buhunanta a naɗe kamar kullum. Kafin ta sa hannu a buhu na ce ta tsaya. Na ɗauko tsumma biyu da na jiƙa na naɗe angurya a ciki tun kwana biyar, na buɗe a gabanta. Na farko, irin kafin ruwa, kusan duka sun fito da farar saiwa. Na biyu, ɗaiɗai ne suka tsira, sauran sun yi funfuna.

Ta duba tsummokin biyu. Ta ce, "Mai kyan buhu nawa ne?"

Na nuna mata. Bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na abin da take ɗauka ba, kuma shi ke nan abin da gonar ta bayar.

"Malam Haruna, gida arba'in suna jirana. Sun yi sharar gona. Me zan ce musu?"

"Ki ce musu Haruna ne ya cika wa auduga taki."

"Zan ce ruwa ne ya yi sauri."

"Mama, ruwa ya zo a lokacinsa. Ni ne na makara."

Ta ɗaure bakin buhun da kanta, ta ce, "In na ce kai ne, baɗi ba za su aiko ni ba." Direba ya ɗora mata, ta hau. Ko ruwa ba ta sha ba.

Alhaji da na faɗa masa gaskiyar abin da ya faru, sai ya ce shi ne ya ce in bar gonar, don haka ba shi da bakin magana. Bai sallame ni ba. Shekarar da ta biyo baya na koma sati-sati da gwangwanin awo, ko ranar da hanya ba kyau na gwammace ta yi ƙishin kwana biyu da in bar mata ruwa a buɗe. Muka samu auduga irin wadda ban taɓa samu ba, muka tsinke tas kafin hadarin farko. Na zaɓi buhunan da suka fi kyau na jingine su a kusurwa don Mama Saratu. Mutanen Salka suka zo suka ɗauki nasu, na wajen Sahon Rami suka ɗauka. Ruwa ya sauka, aka yi shuka, aka yi noman farko, buhunan suna jingine. Daga baya Alhaji ya ce a kai su wa masu matsar mai.

Sai bayan shekara uku na gan ta, a tashar Kontagora. Na shigo gari sayen yuriya, ita kuma ta kawo jikarta asibiti za su koma. Ita ta fara gane ni. Muka gaisa sosai, ta tambayi iyali, na tambayi mutanen gida. Na ce mata na ajiye mata iri shekarar da ta biyo bayan waccan ba ta zo ba.

Ta ce, "Ai ba fushi muka yi ba, Malam Haruna. Waccan shekarar da iri bai isa ba, waɗanda ba su samu ba sai suka zuba waken suya a gonakin. Ya yi kyau, ga shi ba feshi, ba tsinka. Da shekara ta zagayo har waɗanda suka samu irin suka bi su. Yanzu a garinmu ko kunya ɗaya ta auduga babu. Wannan," ta nuna jikar, "ba ta taɓa ganin furenta ba."

Na ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Ta ce amin.

Sai ta ce, "Ina tsohon nan na Salka, mai ɗingishi? Yana nan?"

Na ce mata ya rasu bara, da bazara. Ina gona lokacin, auduga tana tsakiyar fure, sai bayan sati uku wani mai kawo mana bututu ya faɗa mini. Da na je gaisuwa an riga an share makoki, matarsa ta nuna mini kabarin a bayan coci.

Mama Saratu ta riƙe baki, ta yi masa addu'a irin tasu. Kwandasta ya fara buga motar Rijau yana kiran saura mutum biyu. Ta tura jikar ciki, ta sa ƙafa ɗaya a mota, sannan ta juyo.

"To yanzu in abu ya shige maka duhu a gonar, wa kake tambaya?"

Kwandasta ya ja ƙofa. Na tsaya har motar ta fita daga tasha, sannan na ɗaure buhuna a bayan babur.